Ku Bar Mini Ɗan Ɓaure da Ciwonsa

Zuwa ga masu girma shugabannin Kamfanin Ɗan Ɓaure, masu ƙera kwamfutar da ba ta cika tafin hannu ba, masu hikima, masu tausayin talaka, waɗanda Allah ya hore wa basirar sayar da kaya ba tare da rigarsa ba.

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta san matsayinta, da fatan kuna lafiya, kuma 'ya'yanku duka suna kwana a ƙasa ɗaya da ku.

Ni ce Ummu Rawad, daga tsohuwar unguwar Saida, bayan masu sabulu. Ku yi haƙuri da rubutuna. Sai da na aurar da 'yata Lamis, na binne mijina, sannan na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi. Hannuna yana tafiya kamar tsohuwa a kan matakala, amma yana isa.

Ga abin da ya haɗa ni da ku. Ɗana Rawad injiniya ne, takarda a bango, shi a kan kujera. Bana ya sami izinin shiga Jamus. Lamis tuntuni tana Ostiraliya, shi kaɗai ya rage mini. Sai ya kawo na'urarku ya laƙa a bayan talabijin, ya zuba mata finafinai da waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da bidiyon aurenmu. Ya ce, "Mama, ga abokin hirarki." Kuma ya rantse ba zai hau jirgi ba sai ta yi mako guda tana aiki bai taɓa ta ba. Tun da ita aka zaɓa ta gaji ɗana, ina ganin ina da hakkin in faɗi halinta.

Na ɗaya, tsiraici. Ranku ya daɗe, a garinku haka ake aika baƙo gidan mutane? Wani ɗan allo kore, haƙora a waje kamar matsefi, ko ɗan kamfai babu. Rawad ya sa shi a gwangwanin alawar baƙlawa ya huhhuda murfin. Ni kuma na yi masa abin da kowace mace mai mutunci take yi wa talabijin da rediyo: na saƙa masa mayafi fari mai fure, na lulluɓe shi, na ɗora ɗan tulun furanni a kai. Kafin la'asar ya kama zazzaɓi ya suma. Rawad ya dafe kai ya ce, "Mama, kin naɗe shi kamar amarya, ta ina zai yi numfashi?" To ina tambaya cikin ladabi: wane irin mahaluƙi ne sutura take kashewa?

Na biyu, mantuwa. Wataƙila ba a gaya muku ba, wutar gwamnati a nan ziyara take kawo mana, ba zama ba. In ta tafi, sai injin Abu Milhim mai janaretan unguwa ya karɓa, kuma tsakanin tafiyar waccan da zuwan wannan akwai ɗan duhu. Firjina yana jurewa, fankata tana jurewa. Ɗan Ɓaurenku kuwa faɗuwa yake yi, in ya farfaɗo ya rubuta mini da gaba gaɗi cewa yau ɗaya ga Janairu, 1970. Na gode da karamcin. A waccan shekarar mahaifina yana da rai, gwiwoyina ba sa ƙara, wuta ma tana kwana a gari. Amma in za ku mayar da mutum baya, ku mayar da shi duka, ba kusurwar talabijin kaɗai ba. Na kai ƙara wurin Abu Milhim, ya ce, "Ummu Rawad, ni wuta nake sayarwa, ba hankali ba."

Na uku, kuma a nan ina roƙon ku gyara zama. Wata rana muna kallon wani fim ɗin Turkawa da maƙwabciyata Sitt Nuhad, fassarar Larabci tana fitowa a ƙasa. Na gyara tabarau don in nuna mata abin da na koyo. Sai na ga kowane harafi ya saki hannun ɗan'uwansa, yana tsaye shi kaɗai kamar mutanen da suka yi faɗa a gidan makoki. Ban iya karanta kalma ɗaya ba. Nuhad ta kurɓi gahawa ta ce, "Ni dama ban taɓa amincewa da karatun bayan furfura ba."

Kun san abin da kuka yi mini? Na ɗauka kaina ne ya fara zuba. Haka gwaggona ta fara, da manta ƙananan abubuwa, ta ƙare tana tambayar 'ya'yanta su wane ne. Na yi kwanaki ban gaya wa kowa ba. Ina shiga kicin in karanta rubutun jikin buhun shinkafa, in ga na iya, in dawo falo in ga ban iya ba. Da Rawad ya gane, ya yi dariya har da hawaye, ya ce laifin na'urar ne, ba a koya mata cewa baƙaƙenmu riƙe juna suke yi ba. Ni da na fara da furfura na koya a hannun Malama Suhaila, a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Ku da injiniyoyinku da na'urar sanyaya ɗaki, me ya hana ku?

Kalma ɗaya ce ba ku iya ɓatawa ba, sunan da ke fitowa a saman allon talabijin: Rawad. Ra, wau, alif, dal. Shi ne abin da na fara roƙon Malama ta koya mini, tun kafin nawa. Ta rubuta, ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, duka huɗun ba sa miƙa hannu ga na gabansu." Na koma gida ranar ban ci abinci ba. Da na iya karatu ranar suna, da na sa masa Salim, wanda baƙaƙensa ke manne daga farko har ƙarshe.

Na huɗu, ɗan katin da ake soka wa na'urar, wanda Rawad ya zuba komai a cikinsa, wanda bai kai farce ba. Marigayi Abu Rawad mutum ne da in ya hau kwale-kwalen kamun kifi sai kwale-kwalen ya karkata. Yanzu shi da muryarsa da rawar da ya taka ranar aurenmu duk suna cikin abin da atishawa za ta iya ɗauka. Ran nan katin ya faɗa cikin tiren adas, 'yan ƙananan waken nan namu, da nake tsincewa, na wuni ina neman mijina a cikin abincin rana. Wannan adalci ne?

To, masu girma, saboda waɗannan halaye, makon nan na rantsuwa bai taɓa cika ba. Sau ɗaya ya kusa, sai man Abu Milhim ya ƙare, Allah ya saka masa da alheri. Rawad ya ɗaga tafiya, ya sake ɗagawa. Kullum yana zaune a gaban talabijin ya harɗe ƙafa, yana ambaton kakanninku da kalmomin da ba ni na koya masa ba, ni kuma ina tura masa farantin shinkafar da na naɗe a ganyen inabi. Har kumatu ya yi.

Jiya ya shigo fuska kamar ranar salla. Wai kun fitar da sabo: da rigarsa, da fankarsa, da ɗan batirin da ke riƙe masa kwanan wata, kuma ya iya haɗa baƙi. Har ya aika a kawo. Ya sumbaci goshina ya ce, "Mama, wannan ko ke ba za ki iya kashe shi ba."

Shi ne ƙorafina na biyar, kuma shi ne babba. Wa ya ce ku gyara? A garin nan ramin da ke ƙofar gidana ya girmi jikokin Nuhad, famfo yana tari ba ya kawo ruwa, ba wanda ya taɓa gyara komai. Sai abu ɗaya tak da lalacewarsa ke amfanar wata baiwar Allah, shi kuka ga dama ku gyara? Ba ku da iyaye mata ne?

Da farko na yi niyyar roƙonku ku yi kuskuren adireshi. An ce akwai wata Saida a Aljeriya, mutanen kirki ne, za su yi murna. Amma izinin yaron yana da wa'adi, kuma na ga yadda yake kallon teku in ya ɗauka ba na ganinsa. Ba zan zama dalilin da zai tsufa a kan kujerar nan ba.

Saboda haka ku aiko. Roƙona ɗaya ne, kuma na san ba zai gagare ku ba, don kun nuna gwaninta a fannin. Ku bar masa aibi guda. Ƙarami, wanda ba ya taɓa katin mijina. Ya riƙa sandarewa duk ranar Juma'a, bayan an sauko, yadda dole Rawad ya kira daga Jamus ya ce, "Mama, zare wayar, ki ɗan jira, ki mayar." Na iya zarewa da mayarwa tun watan farko. Ba zan gaya masa ba, kuma ina da yaƙinin ku ma, da ba ku taɓa amsa wasiƙar kowa ba, ba za ku gaya masa ba.

Taku mai biyayya, mai sumbatar hannuwanku masu albarka, mai addu'ar Allah ya ƙara wa injiniyoyinku nauyin barci,

Ummu Rawad.

Sunana na yanka Wadad. Wau, dal, alif, dal. Kun ga yaron ba daga nesa ya ɗauko ba.