Cokula Shida a Ƙofar Masallaci

Ni dai jarabata tara tsofaffin cokulan azurfa, masu tambarin maƙeran Ingila. Matata Falmata ta rantse idan na ƙara shigo da ko ɗaya, ni da su mu nemi wani gida.

Wata Juma'a na yi sa'ar guda shida a unguwar Mafoni. Na zuba su a aljihun babbar riga, ina yaba wa kaina dabara: wace mace za ta caje mijin da ya dawo daga masallaci?

Na manta zamanin da muke ciki, ba mai shiga masallaci sai an shafa masa na'urar bincike. Tana zuwa kan aljihuna ta ƙwala ihu. Layi ya watse, wani ya bar takalmi, wani ya kwanta yana salati. Sai na riƙa zaro cokulan ɗaya bayan ɗaya.

Surukina Baba Modu ya fito daga bayan wata mota yana karkaɗe riga. Ya ce, "Malam, salla ka zo ko walima?"

Kafin in isa gida a unguwar Bolori, Falmata ta ji. Har yau idan na je cin abincin suna ba a ba ni cokali. Sai a ce, "Ai da nasa yake yawo."