Yadda Ake Cin Moriyar Katin Jirgin Ƙasa Ko da Ana Ɗaura Auren 'Yarka

Duk wanda ya goya jaka daga nan Ostireliya zai yi yawon Turai da kuɗi kaɗan, tambaya ɗaya ce ke jiransa: ya sayi katin wata, ya biya gaba ɗaya ya riƙa hawa duk jirgin ƙasan da ya ga dama, ko ya riƙa yankar tikiti tafiya-tafiya? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka bar wa masu jirgi ko sisi a banza ba. Na koyo su ne wajen gwani, Clarrie Duggan, mai kiwon tumaki a Cootamundra, mijin yayata Noelene. 'Yarsu ɗaya tilo, Tegan, ta samu miji a wani ƙauye na arewacin Fotugal, suka ce bari su yi yawon 'yan makonni kafin ranar biki.

1. Yanke shawara tukuna, sannan ka nemi shawara

Sayi katin, ka sa a aljihu, sannan ka tara iyali a bayan gida ana gasa nama ka tambaye su ra'ayinsu. Haka Clarrie ya yi.

Noelene ta ce, "Tsoho, gari huɗu kawai nake son gani. Mu yanki tikitinsu mu huta."

"Tikiti na masu kuɗi ne da marasa tunani," in ji shi, yana juya haƙarƙarin rago. Ya nuna ni da cokali. "Irin ƙanenki."

"To ai shawara ka ce kana nema."

"Na nema, na gode. Na riga na saya mana biyu."

Ka lura, bai ɗaga murya ba. Mai gaskiya ba ya ihu, musamman idan ba a mayar da kuɗin kati.

2. Kada ka bar katin ya huta

Ranar da ba ka hau jirgi ba, ranar an cuce ka. Riƙe wannan da kyau, shi ne tushen ilimin.

Sun sauka a Jamus da jakunkunan da Tegan ta bari tun tana ɗaliba. Daga nan Clarrie bai yarda sun kwana biyu a gari ɗaya ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana tashi da asuba don tumaki, tashi don jirgi ba komai ba ne a wurinsa. Sukan isa gari da yamma, su sami gado a ɗakin 'yan yawo, cikin samari masu shanya safa a kan fitila, da safe kuma sai tasha. Noelene ta ga manyan biranen duniya ta taga, yawanci bayansu, inda ake jibge tsofaffin tayoyi.

A wani gari mai tafki ta zauna a kan benci ta cire takalmi, ta ce nan take so ta wuni. Clarrie ya tsaya a kanta yana duba agogo. Shi ma wurin ya burge shi, ya faɗa mini daga baya, har ya ji kamar ya zauna. Amma katin na aljihunsa yana ƙuna kamar garwashi.

"Akwai wani tafkin a gaba," ya ce. "Kuma kyauta za a kai mu."

3. Ƙi biyan kuɗin kujera

A nan ake gane namiji. Za ka tarar jirage masu gudu suna neman ɗan ƙari kafin su ba ka wurin zama, ko da kana da kati. Kada ka biya. Ba don yawan kuɗin ba, don mutunci.

Da biki ya matso suna Faransa, ma'aikaciyar tasha ta gaya wa Clarrie haka. Ya ɗora katin a kan kanta kamar mai nuna takardar gado.

"Baiwar Allah, na biya tun daga gida."

Ta ce ya biya tafiya, bai biya kujera ba.

"To zan tsaya. Na tsaya a kan ƙafafun nan na yi wa tumaki aski tun ba a haife ki ba."

Ta ce ba a tsayuwa. Sai ya koma gefe ya shimfiɗa taswira a ƙasa, ya haɗa hanya da ƙananan jirage masu tsayawa a kowane ƙauye su gaisa da kowa. A lissafinsa za su isa ana gobe biki, da rana tsaka, har ya samu lokacin aski.

4. Idan matarka ta yanki nata tikitin, ka tausaya mata

Noelene ta daɗe tana kallon taswirar. Sannan ta ɗauki jakarta ta koma wajen ma'aikaciyar, ta dawo da tikiti a hannu. Guda ɗaya.

"Na bi ka shekara talatin da wani abu, Clarrie, har gasar karnukan kiwo na bi ka. Amma 'yata ɗaya ce."

"'Yarmu dai."

"To ka tuna da hakan a hanya. Ga rigarka mai tsabta a saman jaka, kada ka goge hannu da ita."

Ya raka ta har bakin tarago yana girgiza kai, yana yi mata jajen asarar da ta yi. Da jirgin ya tashi ya daɗe tsaye a wurin. Tun da suka yi aure bai taɓa sayen abincin rana da kansa ba, kuma sai a lokacin ya tuna.

5. Sa kwat ɗinka duk inda ranar ta same ka

Ƙananan jirage suna da hali irin na tsofaffi: ɗaya ya makara, sauran su yi fushi su tafi. Na farko ya makara. Clarrie ya rasa na biyu, ya kwana a wani gari, ya rasa na huɗu saboda na uku. Safiyar biki ta same shi a wata mahaɗa a tsakiyar Sifaniya, babu kowa sai gonakin alkama da wata tsohuwa mai kwandon albasa. Jirgin da yake jira ba ya aiki ranar hutu. An rubuta hakan a ƙasan allo, da ƙananan baƙaƙe, cikin harshen mutanen ƙasar.

Ni ina ƙofar coci, domin na bi jirgin sama kai tsaye irin na marasa tunani. Wayar Noelene ta yi ƙara. Ta saurara, ta miƙa wa amarya.

Clarrie ne, ya fara bayani game da allon da ƙananan baƙaƙen. Tegan ta katse shi.

"Baba, kwat ɗin yana tare da kai?"

"Yana jaka."

"Je ka saka. Za mu jira."

Muka jira. Ango, Duarte, yana ta murmushi ga danginsa da ba su gane me ake ciki ba. Clarrie ya shiga banɗakin tasha ya fito da kwat duk a yamutse, ga takalmin yawo a ƙafa.

"Na saka, 'yata."

"To miƙe tsaye sosai. Mama za ta riƙe ka. Kada ka yi sauri, ka san halinka."

Noelene ta ɗaga wayar da hannu ɗaya, ta riƙe 'yarta da ɗayan, suka shiga. Can kuma Clarrie ya lanƙwasa hannunsa kamar wani na riƙe da shi, ya taka dandamalin tashar a hankali tun daga wannan ƙarshe har wancan. Da limamin cocin ya tambaya wa ya ba da amarya, muka ji wata murya daga waya ta ce "Ni ne." Tsohuwa mai albasa, in ji shi, ta ba shi ƙyalle ya share fuska, bai san da shi take rufe kwandon ba. Har yau albasar yake ɗora wa laifin hawayensa.

6. Shiga tasi, kada ka tambayi kuɗi

Tsohuwar ce ta kira masa ɗan 'yar'uwarta mai mota. Abin da Clarrie ya biya bai taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, na dai san ya sayar da raguna da ya dawo. Ya iso ana cin abinci, rana ta yi sanyi. Surukinsa, uban ango, ya rungume shi ya cika masa faranti da kifi. Tegan ta zo ta gyara masa wuyan riga.

"Ka ci wani abu yau?"

"Burodi."

"Zauna."

Bai yi jawabin da ya shirya ba. Ya zauna kusa da Noelene, ita kuma ta bar shi ya riƙe hannunta, amma ba ta kalle shi ba sai da aka kawo kek.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka. Idan ka bi matakan nan ka rasa biki, ko mata, ko raguna, kada ka zo ƙofata, kada ka kira ni, kuma kada ka gaya wa yayata ni na koya maka. Idan kana da ƙorafi, kai wa Clarrie, yana nan a gonarsa, kuma zai tabbatar maka katin ya biya kuɗinsa.

A bangon falonsu akwai hoton bikin: amarya, ango, da Noelene riƙe da waya. Idan baƙo ya tambaya ina uban amarya, Clarrie yakan ɗora yatsa a kan wayar, sannan ya ɗauki hularsa ya ce bari ya je ya duba tumaki.