Yadda Aka Karrama Molon Ɗanƙaya

A wani daji an yi wani makaɗin molo, bushiya ne, ana ce masa Ɗanƙaya. Shekara talatin yana kiɗa, suna ko biki ba a watsewa sai an ji shi. Da ya rasu bai bar wa matarsa Bushiya komai ba sai molon nan, baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi.

Ita ta san dalilin baƙin. Tun tana amarya molon a ɗakin girki yake kwana, a rataye da igiya can sama da murhu, inda hayaƙi ke kai masa amma zafi ba ya kai masa. Duk kwana bakwai maigidan zai sauke shi ya shafe itacen da man kaɗanya, ya cusa busasshen ganyen darbejiya a cikinsa. In marka ta zauna, sai ya sassauta tsirkiya. Da ya tafi, ita ta ci gaba da yi. Ba ta iya kiɗa ba. Sai dai in ta gama shafa man takan taɓa tsirkiya ɗaya da farce, ta tsaya har ƙarar ta mutu, sannan ta koma kan tukunya.

Tana fita takaba majalisar daji ta aiko kiranta. Ɓauna ne shugaba, yana zaune a kan kujerarsa ta itace.

Ya ce, "Baiwar Allah, mun ji labari mai ban kunya. An ce molon da ya yi wa kakanninmu kirari yana rataye tare da ludayi da maburgi. Marigayi na kowa ne, kayansa ma na kowa ne. Majalisa ta yanke shawara za ta gina masa ɗaki, a ajiye shi cikin daraja, a fito da shi ranar cikar shekara."

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu biyu ke kashe molo, laima da ƙwaro. Hayaƙin nan da kuke raina shi ne maganinsu."

Ashe Ƙwaro yana wurin, ɗan majalisa ne. Ya ɗago kai a hankali.

"Gwaggo, ba zan riƙe ki ba, zafin rashi ne. Amma a tambaya a ji, duk dajin nan wa ya kai gidanmu sanin itace? A cikinsa aka haife ni, a cikinsa aka haifi ubana. Ku kuna ganin bayansa, mu muka san cikinsa."

Ɓauna ya ce wannan magana haka take, aiki sai mai shi. Nan take aka naɗa Ƙwaro mai kula da lafiyar molo. Da aka zo batun inda za a yi ginin, Kwaɗo ya yi tsalle ya ce, "A bakin rafi mana! Ni tun da nake ban taɓa ganin wanda sanyi da danshi suka cutar ba. Ku dube ni." Aka dube shi, aka ga jikinsa sumul, aka amince.

Maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan da ke ƙwanƙwasa itace ya ji ko da tsutsa a ciki, ya nemi a bar shi ya riƙa dubawa. Ƙwaro ya ce bai dace a riƙa dukan kayan marigayi ba. Aka rubuta cewa Maƙwaƙƙwafi ba shi da ladabi.

Aka wanke molon da ruwa har baƙin ya fita, aka zubar da ganyen da ke ciki, aka naɗe shi da zane bakwai. Ɗakin ba taga, don kada ɓarawo ya leƙa. Aka sa Kura gadin ƙofa.

Da marka ta kankama Bushiya ta ɗauki ɗan kaskon manta ta tafi.

Kura ta ce, "Ina zuwa, Iya?"

"Mai zan shafa masa. Ko tsirkiyar ma a sassauta."

"Ke ƴar majalisa ce?"

"Matar marigayi ce ni."

"Babu wannan a takarda," in ji Kura. "Wallahi ko ƙuda bai shiga ba tun da na zauna nan."

Bushiya ta duƙa ta leƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Warin funfuna ya buge ta, ta kuma ga wani gari mai laushi, kamar na gero, ya zubo a ƙasa. Ta kai ƙara. Ƙwaro ya tashi ya bayyana wa majalisa cewa tsohon itace ne ke numfashi, alama ce ta ya samu hutu. Aka yi masa tafi. Ita kuma aka ce a riƙa yi mata uzuri.

Ranar cikar shekara daji ya cika. Aka kwance zane ɗaya bayan ɗaya. Molon na nan da siffarsa, har Bushiya ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta. Ta roƙi a bar ta ta taɓa tsirkiya sau ɗaya. Ɓauna ya ce shugaba ne zai fara. Ya ɗaga shi, wuyan ya zauna a hannunsa, sauran ya zube kamar an juye ƙwaryar dusa.

Ɓauna ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, kowa shaida ne, shekara guda ba a sace ko tsinke ba. Kura ta yi aikinta. Kuma da ba don ƙwazon mai kula ba, da bai kai haka ba."

Bushiya ba ta yi kuka a nan ba. Ta tsinci tsirkiya uku ta ƙulle a bakin zane, ta koma gida ta hura wuta. Hayaƙi ya hau ya sami igiyar babu komai.

Ƙwaro kuwa an ƙara masa girma, an ba shi kula da kujerar shugaba. Har na baro dajin Ɓauna yana zaune a kanta, yana cewa kullum sai ƙara laushi take yi.