Rasuwar Dattijo, Firjin Gidan Malam Barau

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, iyalan marigayi Malam Barau mai awon shinkafa da ke Gummi suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki, na nan gari da na Anka da na Nasarawa Burkullu, rasuwar firjinsu wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Alhamis da la'asar, a kusurwar ɗakin da ya tsaya shekara goma sha tara, bayan jinyar kwana biyu. Uwargidan, Malama Maimunatu, tana kansa lokacin da ya yi shiru. Ita ce ta sa a rubuta wannan sanarwa, ta kuma ce kada a rage komai a cikinta, har da abin da ya shafe ta.

Marigayin ɗan Kwatano ne. Ba wanda ya san gidan da ya fara yi wa hidima a ƙasar Turawa. Malam Barau ya sayo shi a Sakkwato, aka ɗauro shi a saman mota an naɗe shi da katifa, ya iso da ɗan lotsawa a kafaɗar hagu wadda ya rayu da ita har ƙarshensa. Fari ne, dogo, mai ɗan ƙaramin ɗakin ƙanƙara a sama. Yaran gida ne suka sa masa Dattijo, domin bai taɓa fara aiki ba sai ya yi gyaran murya. Zai ce ƙyat, ya ɗan dakata kamar mai tuna wani abu, sannan ya ja zuuuu. In zai huta kuwa sai jikinsa duka ya yi rawa, kar-kar-kar, kwalaben da ke ƙofarsa su amsa masa.

An shaide shi da haƙuri. Ya ga shekarun da wutar lantarki ke leƙowa ta awa biyu ta koma, bai yi ƙorafi ba. Yakan riƙe sanyinsa yini guda in dai ba a dame shi da buɗe-buɗe ba. Ya ajiye naman layyar gidaje huɗu ba tare da ya haɗa na wani da na wani ba. Ya ajiye ruwan buɗa-baki na rabin layin. Ya riƙe maganin ciwon sukarin Malam Barau shekara shida, a ɗan lungun da ke ƙarƙashin ma'ajiyar ƙwai, kuma ranar da aka kai Malam makwancinsa, shi kaɗai ne a gidan bai fasa aikinsa ba. Da ɗan gidan, Kamaluddeen, ya kafa faifan sola a kan rufi shekara biyu da suka wuce, Dattijo ya samu hutun tsufa irin wanda ya cancanta: wuta kullum, ba tashin hankali.

Amma abin da za a fi tuna shi da shi ita ce ƙanƙarar kindirmo.

Kowace shekara in bazara ta tsaya, makarantu suka yi hutu, jikokin Malama Maimunatu sukan cika gidan. Ba ta yarda su sayi ƙanƙarar leda mai launi ta bakin kasuwa, wadda ke rina harshe ja ta bar yaro da gudawa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta taɓa gaya mata cewa a cikin kindirmo akwai wasu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani, masu gyara cikin mutum, kuma sanyi ba ya kashe su, barci kawai yake sa su. Tun daga ranar ta riƙe maganar. Dija, Bafulatanar da ke kawo mata madara daga rugarsu ta bayan fadama, takan iso da hantsi. Maimunatu ta tafasa madarar, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta zuba cokali biyu na kindirmon jiya a matsayin iri, ta rufe ƙwaryar da faifai ta ajiye. Washegari ya kama. Sai ta matse nunannen mangwaro ta tace zarensa da rariya, ta jiƙa dabino ta daka shi ya maye gurbin sukari, wani lokaci ta ƙara ayaba ko kankana. Ta gauraya da ludayi, ba ta kai shi kusa da wuta ko kaɗan. Ta zuba a ƙananan kofunan silba guda shida, ta tsayar da ɗan cokali a tsakiyar kowanne. Daga nan aiki ya koma hannun Dattijo, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Bana jika ɗaya ce ta zo.

Hafsa ce, 'yar shekara bakwai, ɗiyar Shamsiyya, 'yar Malama Maimunatu da ke aure a Nasarawa Burkullu. Mako bakwai kafin hutu, ubanta Lirwanu ya goya ta a babur za su gaida kakarta ta wajen uba a wani ƙauye. Wasu mutane da bindigogi suka tare su a hanya. Suka sauke yarinyar suka tsayar da ita a gindin wata bishiya, suka wuce daji da shi da babur ɗin. Makiyaya ne suka tsince ta da yamma, tana tsaye inda aka ajiye ta. Har ranar da ake rubuta wannan sanarwa ba a kira waya ba, ba a aiko ba, ba a ga gawa ba. Ba a yi zaman makoki ba, domin ba wanda ya isa ya ce ya mutu. Ba a kuma iya cewa yana raye.

Tun ranar Hafsa ba ta ƙara magana ba. Abinci ma sai an yi da gaske take karɓar loma ɗaya ko biyu. Shamsiyya, ga tsohon ciki ga zaman jiran waya, ta sa aka kawo ta Gummi. Abin da ta ce wa mahaifiyarta kaɗan ne: "Inna, riƙa mani ita. Ban iya kallon ɗiyata tana ƙarewa gabana."

Maimunatu ta gwada tuwon shinkafa da miyar kifi, ta gwada kunu, ta gwada fura. Yarinyar ta kalli kwano ta kau da kai. Hannunta ya yi siriri har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. An kai ta asibiti, aka duba, aka ce ba zazzaɓi ba ne, a yi ta lallashi a samu abin da za ta karɓa.

A kwana na huɗu Maimunatu ta fito da kofi ɗaya daga ɗakin ƙanƙara, ta murza shi a tafin hannu har ya saki, ta ajiye a kan tabarma, ta koma tsintar shinkafarta. Ta gefen ido ta ga hannu ya miƙo. Hafsa ta lasa. Ta sake lasa. Ta cinye tas, ta zauna tana tsotsar cokalin.

Wannan ita ce babbar hidimar marigayin, kuma ita ce ta ƙarshe. Kwana goma sha ɗaya ya ciyar da yarinyar nan, kofi uku, wani lokaci huɗu a yini. Maimunatu ta dinga ƙara masa nauyi a ɓoye, yau garin gyaɗa, gobe ɗan zuma, jibi gwanda. Dija ta daina kai madarar safe kasuwa sai ta fara biyowa ta gidan, ta leƙa ɗaki ta ce, "Ina ɓingel, 'yar yarinyar tawa? Ta sha na jiya?" Kumatun Hafsa suka fara dawowa. Ta kuma samu wurin zama: takan jingina bayanta da gefen Dattijo, inda ɗuminsa ke fita, ta manna kunne a jikinsa. In ya ce ƙyat, sai ta ɗaga kai tana jira. In ya ja zuuuu, sai ta mayar da kunnen. A nan take barcin rana.

Game da ciwon ajalinsa, gaskiya ita ce ya daɗe yana fama. Robar ƙofarsa ta saki tun bara, har sai an ɗaure shi da igiya a ƙugu. Iska tana shiga, ƙanƙara tana taruwa a ɗakin sama, tana cin wuri kaɗan-kaɗan. Maganin abin sananne ne: a kashe shi yini guda ta narke da kanta. Maimunatu ta sani sarai. Amma yini guda ba Dattijo yini guda ne ba abinci a cikin Hafsa, don haka kullum sai ta ce gobe.

Ranar Talata bayan azahar, rana tana dukan kwanon rufi kamar za ta narkar da shi, Maimunatu tana alwala a bakin rariya, sai ta ji wata murya a bayanta, a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga dogon ciwo.

"Kaka. Ƙanƙara."

Butar ta faɗi daga hannunta. Wata biyu ke nan ba wanda ya ji muryar nan. Ta shiga ɗaki da gudu, ta kwance igiyar. Kofi ɗaya ne ya rage, can ƙurya, ƙanƙara ta haɗiye shi har baki. Ta ja, ya ƙi. Ta sa farce, ya ƙi. Yarinyar tana tsaye a bayanta tana kallo, kuma Maimunatu ta ji tsoron in ta ce mata ta jira, bakin nan zai sake rufewa. Wuƙar yankan albasa tana kan tire. Ta ɗauka.

Sara na farko ƙanƙara ta tsage. Na biyu kofin ya motsa. Na uku wuƙar ta wuce inda ba a aike ta ba. Dattijo ya ce fsssss, doguwar ajiyar zuciya mai sanyi wadda ta bugi fuskarta, ta yi ta fita, ta yi ta fita, har ta ƙare.

Ta ciro kofin ta ba yarinyar. Hafsa ta zauna ta cinye.

Iyalan suna godiya ga Malam Hayatu mai gyaran firji na bakin tasha, wanda ya bar aikinsa ya zo kafin la'asar. Ya duba raunin, ya girgiza kai ya ce, "Inna, mi ya kai ki sa mashi wuƙa? Kuma kin bar shi shina aiki bayan nan?" Ta ce ba ta san ana kashewa ba. Ya ce ruwan ƙanƙarar da ya narke ya bi ta hujin ya shiga har cikin injin. Duk da haka bai ƙi ƙoƙari ba. Ya liƙe, ya busar, ya ɗura sabuwar iska. Ranar Laraba Dattijo ya tashi, ya ja zuuu da murya irin ta wanda ba ya son a san yana jin jiki, har jikin kofi ya fara raɓa. Maimunatu ta haɗa sabon kindirmo ta zuba. Bai daskare ba. Ranar Alhamis ya ce ƙyat, aka jira, bai ja ba. Ya sake cewa ƙyat. Sau tara Maimunatu ta ƙirga. Bayan na tara aka ji ƙauri, Malam Hayatu ya zare wayar daga bango, ya cire hularsa ya share zufa ya ce, "Sai haƙuri, Inna. Wanga ya gama nashi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya rasu ya bar kofunan silba shida da cokulansu, da ƙwarya ɗaya ta kindirmo da ke neman yin tsami a gindin randa, da buhun mangwaro rabi wanda ƙuda ya fara sani. Ya bar igiyar ƙugunsa. Ya bar Dija, wadda ta zo da madara yau Juma'a, ta ji labari, ta ajiye ƙwaryarta ta zauna a dokin ƙofa. Ya bar Malama Maimunatu, wadda ta wanke wuƙar nan ta jefa ta bayan rumbu, kuma har yanzu ba ta iya gaya wa Shamsiyya ba. Ya bar Hafsa.

Tun ranar Alhamis yarinyar ba ta ƙara cewa komai ba. An sayo dutsen ƙanƙara a kasuwa aka jera kofunan a kansa, sun yi sanyi amma ba su kama ba. Ta karɓi cokali biyu ta ture. Har yanzu tana zuwa ta zauna a gefensa ta manna kunne, ta daɗe a haka. Yau da rana aka neme ta aka rasa, sai aka same ta ta fitar da ragar ƙasa ta shige cikinsa ta naɗe, ƙofar ta kusa rufuwa.

Saboda haka ba za a jinkirta jana'iza ba. Gobe Asabar da hantsi Malam Hayatu zai zo ya cire ƙofar, ya cire injin. Malama Maimunatu za ta yi masa wanka da kanta, da sabulu da ruwan ɗumi, ta ce ba ta son a taya ta. Daga nan maza huɗu za su ɗauke shi zuwa bayan gida, a kwantar da shi rigingine a gindin dogonyaro, a cika shi da ƙasar fadama. Ba za a sayar wa masu sayen ƙarfe ba, kada su wahalar da kansu da sallama. An roƙi Dija ta ja Hafsa zuwa ruga ta ga 'yan maruƙa har a gama.

Ba za a yi zaman makoki ba, kuma ba a buƙatar hatsi ko goro. Masu son yin ta'aziyya, iyalan suna roƙon abu ɗaya. Duk wanda Allah ya hore wa firji mai daskarar da ruwa a cikin garin Gummi, ko a wace unguwa yake, ya aiko a faɗa. Kofunan ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba. Ko gurbin guda ɗaya aka samu ya isa. Malama Maimunatu za ta kawo da ƙafarta, ba za ta taɓa komai a ciki ba, za ta zauna a ƙofar gida ta jira har ya daskare.