Fukafukai Huɗu na Allon Chinatsu

"Ina kwana, tsoho. Ashe ka sake wayar gari."

"Na waye. Ba inda za ni sai na ci shinkafar bikinki, in an sami mai tsautsayin da zai kwashe ki."

Ina bakin rumfar Tokuji ina ɗinkin komar kamun kifi lokacin da jikarsa Chinatsu ta shigo da allon hawan igiyar ruwa a hammata. Shekarun Tokuji tamanin da ɗaya, shi ne masassaƙin jiragen katako na ƙarshe a ƙauyenmu na kudancin tsibirin Tanegashima na ƙasar Japan, kuma yanar ido ta kusan makantar da shi. Ita ma'aikaciyar jinya ce, amma duk safiyar da ba ta aiki tana cikin teku. Tun tana goye suke wannan faɗan.

Ta zube masa fukafukai huɗu na maƙalawa a ƙarƙashin gindin allon a cinya, waɗanda ta yanka da kanta daga falankin da aka manna falle-falle. Ta ce guguwa za ta ratsa can kudu da nisa, nan da kwana uku za ta turo mana raƙuman ruwa irin waɗanda akan yi shekara biyar ba a gani ba. Jiya ta gwada fukafukan, suna fito kamar buta a wuta, kuma da ta karya kwana gindin allon ya sulle ya watsar da ita.

"In mutum bai iya rawa ba, sai ya ce kiɗa ne," in ji Tokuji. Ya shafa ɗaya da babban yatsa. "Wannan na kwasar tuwo ne ko na sosa baya?"

"Kai da ba ka taɓa tsayawa a kan allo ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Wane hange? Jiya fa akwatin wasiƙu ka gaisar, har kana tambayarsa mai jiki."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce ta yi masa bayani kamar ga jaki. Ta ce akwai mai fiffike ɗaya dogo a tsakiya, tsawonsa ya fi taƙi, na dogon allo mai tafiyar ƙasaita. Akwai mai biyu masu faɗin gindi, yana da gudu amma ba ya jin magana. Mai uku shi ne na kowa. Nata huɗu ne, biyu kowane gefe, don su riƙe ta a jikin ruwa mai tsayuwa kamar bango.

"To me ya sa kika yi su kai ɗaya kamar haƙoran jabu?" Ya tambayi nauyinta, ta ce ba a tambayar mace. Ya ce zai ƙiyasta da buhun dankali, ta yi maza ta ce hamsin da huɗu. Ya sa ta kwantar da allon, ya bi gefensa da tafin hannu tun daga hanci har gindi, a hankali, bakinsa na motsi. Na gaba, in ji shi, su tsaya yatsa shida, na baya a rage musu yatsa guda da rabi, don na gaba ne ke tuƙi, na baya rakiya suke yi. Kuma ta yi kuskure da ta kumbura su ciki da waje. Na gaba cikinsu a shafe yake, bayansu ne ke da doro.

"Wa ya gaya maka? Littafin da na karanta ma haka ya ce, na ɗauka iyayi ne."

"Kifi mai tashi ya gaya mini. Shekara sittin ina fige shi ina ci, kina tsammani ban taɓa duba fiffikensa ba?"

Ya ɗauki magagari ya fara. Na ajiye komata. Duk inda ya ci katakon, fallayen da aka manna sai su fito layi-layi, baƙi da fari, kamar sawun da ruwa ke bari a yashi. Mai ido da waɗannan layuka yake gane ko hannunsa ya karkace. Tokuji ba ya ganinsu. Fuskarsa na kallon rufin rumfa, yatsansa na bin bayan magagarin, amma layukan suka fito a jere, ba wanda ya hau wani. Kaurin ya taru kusa da gaba, ya zube a hankali har bakin baya, wanda ya goge da samfefa ya zama siriri. Nan fiton yake, in ji shi, ruwa ba ya son a sallame shi da dakusasshen baki.

Chinatsu ta ɗaga na dama da na hagu ta haɗa cikinsu, suka manne kamar tafin hannu biyu. Ta tsaya tana jujjuya su a hannu, ta ƙura musu ido.

"Kin mutu ne?"

"Ina tunanin yadda hannu irin wannan ya ƙare a jikin mutum mai baki irin naka."

"Sai an gwada akan san na ƙwarai. Iya ruwa fidda kai."

Kwana biyu ta yi tana lulluɓe su da ƙyallen gilas da ƙaro. Ran na uku da hantsi na riƙo hannun Tokuji muka hau tudun da ke kallon gaɓa. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Raƙuman ruwa na tahowa a jere, kowanne ya kai tsayin gidan bene, iska daga tudu na fige musu kai. Mutum shida kacal suka shiga. Ya ce in zama idonsa, kada in rage masa komai.

Na ce ga ta ta juya, tana iyo. Ta miƙe. Ta gangaro tun daga ƙoli kamar an jefo ta, ta kai ƙasa ta kwanta a gefe guda har hannunta na shafar ruwa.

"Gindin ya riƙe?"

Na ce ya riƙe. Sai ruwan ya naɗo ya rufe ta ruf, na daina ganinta. Tokuji ya damƙe mini hannu har na ji ƙashi. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a zuci. Kogon ruwan ya yi tsartuwa, ta fito daga cikin feshin a tsaye.

Da ta hauro tudun tana ɗiga, ta durƙusa gabansa ta ce allon ya bi ta kamar ya san abin da ke ranta. Shi kuwa ya lalubo kanta ya dafa.

"Duk rayuwata jiragen gudun irin wannan ruwa na sassaƙa. In ya taso, mu gida muke yi. Ke kuma kin shiga cikinsa kin fito ta ɗaya ƙofar." Ya juya fuskarsa wajen teku. "Wancan dogon mai fiffike ɗaya, yana ɗaukar tsoho? Ranar da teku ta kwanta nake nufi."

"Yana ɗauka. Ni zan sassaƙa maka fiffiken da hannuna."

"To Genzo," ya juyo wajena yana dariya, "ka gaya wa masu jirgin ceto su kwana da shiri."