Tabilet ɗina da saniyar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je karɓo saniyar Kawu a ƙauyen Mai Yara ba. Saniyar ta ɓace sati biyu, kuma ita kaɗai ce mai nono a gidan. Sai labari ya zo cewa tana ɗaure a ƙofar mai gari.

Lokacin ban daɗe da sayen tabilet a kasuwar Dakoro ba. Mai shagon ya nuna mini biyu. Ya ce ɗaya fuskarta tar take, har gashin ido kana gani, amma tana shan batir kamar raƙumi a bakin rijiya. Ɗayar hotonta dishi-dishi, amma tana kwana biyu ba caji. Ni kuwa, ɗan lakwal, wato ɗan boko, na ɗauki mai tar ɗin (har da yi masa kallon bai san kaya ba).

Al'adar ita ce, kafin a nuna maka dabba sai ka faɗi kamanninta. Na ce wa Kawu ya huta da bayani, ya dai rako ni kawai, ina da hotonta. A cikin mota kuwa babu wanda ban nuna wa hoton ba, haske a ƙure saboda rana, ina jawo kunnenta ina matsarwa.

Mun isa, dattawa sun cika tabarma. Mai gari ya ce in kawo shaida. Na miƙe, na gyara riga, na danna tabilet. Baƙi ƙirin. Na sake dannawa, na girgiza, har hura mata iska na yi (kada ku tambaye ni dalili).

Mai gari ya ce to, in faɗa da baki. Wallahi shekara uku ina shan nononta, amma abin da ya fito daga bakina shi ne: “Ranka ya daɗe, fara ce... tana da ƙaho.”

Wani tsoho ya tambaya ko guda nawa. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Kawu bai ko dube ni ba. Ya faɗi tsagar kunnen hagu da tabon ƙaya a cinya, sannan ya ɗaga murya ya kira, “Kyauta.” Daga bayan danga saniyar ta amsa.

Na koma na musanya tabilet ɗin da mai dishi-dishin, mai shago yana ta murmushi. Yanzu kullum da safe ina bin Kawu garke yana koya mini shanun ɗaya-ɗaya. Na riga na san bakwai, kuma ko sau ɗaya idona bai nemi caji ba.