Batirin Malam Dogo

Inna Murja ba ta jin magana, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tun da mijinta Malam Dogo ya rasu ya bar mata faifan sola a kan rufi da batir ɗaya a lungun ɗaki, matan Ɗanzomo ke kawo mata wayoyi caji. Ba ta cewa a'a sai batirin ya ƙare ƙaf. Ran nan da hantsi jikanta Zayyad, mai gyaran sola a Gumel, ya yi sallama.

"…lafiya lau, angon ƙarya. Wata uku ba ka leƙo ba, sai da aka ce batir ya kwanta."

"Amarya, ai gara shi, yana ba da haske. Ke me kike bayarwa ban da faɗa?"

"Na ba da ubanka, ga sakamakon."

Zayyad ya durƙusa, ya kunce murafen batirin, ya leƙa.

"Inna, me kika zuba a nan?"

"Ruwa. Kai ka ce in ya yi ƙasa a ƙara."

"Ruwan batir na ce, tatacce. Wannan fa?"

"Zamzam."

"Zamzam!"

"Ragowar wanda kakanka ya zo da shi. Ko da na yi ciwon ƙafa ban taɓa shi ba."

Zayyad ya dafe kai.

"Zamzam na mutane ne, tsohuwa. Kuma ba ruwan kaɗai ba ne. Batir kamar jaki yake, in ya yi rabin hanya a sauke masa kaya, rana ta cika shi. Ke kullum sai kin tatse shi tas. Ki ci gaba, kafin kaka sai 'yan gwangwan."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Da tsohuwar zuma ake magani. Daga Maigatari Dogo ya goyo shi a babur, kana yawo ba wando."

"Lokacin ina da shekara ashirin fa."

"Shi na faɗa."

"To ki rage wayoyin nan. Goma sha ɗaya na ƙirga."

Inna Murja ta dubi tabarmar da ke shimfiɗe a gindin darbejiya. A nan Dogo yake zama da rediyonsa. Bayan sadakar arba'in babu wanda ya ƙara zama a kanta, sai da aka ji akwai wuta a gidan.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ta ce. "In batirin ya mutu, wa zai shigo? Kai?"

Zayyad ya ɗan jima yana goge bakin batirin da tsumma.

"Zai ƙara shekara, in an bi doka. Caji daga hantsi zuwa la'asar, rana na sama. Waya bibbiyu."

"Ɗai-ɗai."

"Biyu ma zai ɗauka."

"Ɗai-ɗai na ce. Layin ya fi tsawo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ciro gorar ruwan batir daga jaka ya dire a gabanta.

"Na sallama. Ga sadakinki."

"Ango matsiyaci, sadaki da ruwa." Ta jawo gorar ta rungume. "In za ka fita, ka biya gidan maƙwabciyata Naja'atu, ta gaya wa sauran matan. Dokar mai gyara ce, ba tawa ba: duk wadda ta kawo waya, kada ta ajiye ta tafi. Ta zauna har ta cika."